Shekarar da Muka Kai Sungumi Gummi

Bana ruwa ya sauka da wuri, ya ruɗi mutane. An yi shuka, gero ya fito siriri kamar allura, sai sama ta ɗauke. Yau kwana goma sha bakwai ke nan ko yayyafi ba mu gani ba. Tun da hantsi mata suke sallama a ƙofar gidana, kowace da ƙwaryarta, suna neman irin gero mai saurin nuna don su sake shuka. Yawancinsu mazansu suna can ramukan zinari wajen Anka. Wasu kuma mazan na nan, amma gonakin nesa sun gagara zuwa saboda 'yan bindiga, sai 'yan gonakin bayan gari da matan ke riƙe da su. Ni ce shugabar ƙungiyar mata masu adana iri a yankinmu, don haka ni ke awo. Ina tsoma tiya cikin buhu, rana na dukan ƙeyata, sai na ji kamar an mayar da ni wata shekara can baya, lokacin da nake goyon ɗiyata ta biyu, wadda yanzu 'ya'yanta biyar.

Ƙauyenmu 'yar tunga ce tsakanin Gummi da Bukkuyum. Daminar da ta gabaci waccan shekarar ba ta yi kyau ba, hatsi bai kai ko'ina ba, don haka ana gama kaka maza suka kama hanyar kudu cin rani. Mijina Altine na cikinsu. Ya bar ni da mahaifiyarsa, Inna Tumba, da yara biyu, da rumbu wanda ko rabi bai kai ba. Al'adarsu su dawo da ruwan farko. A shekarar nan bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa, amma ko saƙonsu babu. Daga baya muka ji cewa can ɗin ma abin bai yi musu daɗi ba, kunya ta hana su dawowa hannu wofi.

Cikin wannan bazarar aka kawo mana baƙuwa. Sunanta Saratu, ɗalibar jami'a daga wajen Zariya, tana aiki da wani shirin bunƙasa noma da mutanen ƙasashen waje suka kafa ofishinsa a Gummi. Magajin garinmu ya sauke ta gidanmu saboda ɗakin Altine babu kowa. Siririya ce, da tabarau, da wani littafi mai baƙin bango da ba ya barin hannunta. Mun ɗauka taki ta kawo ko magani. Ashe tambaya kawai ta kawo. Wa ya share gonar nan? Wa ya shuka ta bara? Wa ya zaɓi zangarniyar da aka ajiye don iri? In za a sayar da akuya, wa ke cewa a sayar? Ta bi ni rijiya, ta bi ni itace, ta tsaya kaina ina daka tana duba agogo tana rubutu.

Inna Tumba ta kalle ta wata rana ta ce da ni, "Kulu, wagga yarinya ba ta da aikin yi gidansu? Mi za ta yi da sanin wanda ya share gona?"

Saratu ta yi dariya ta ce, "Inna, a takardun ofis an rubuta cewa matan yankin nan ba sa noma. An turo ni in gani ko haka ne."

Inna ta ce, "To hatsin da muka ci, aljannu ka noma shi?"

Ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi, ƙasa ta yi wannan ƙamshin da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Washegari Inna ta sauko da damin iri daga inda ta rataye shi, muka sussuka, muka sheƙe. Sara da sungumi aikin maza ne, mata da yara su ke bi a baya suna jefa iri suna take rami da diddige. To babu mazan. Na ɗauko sungumin Altine, na gyara goyona, na shiga gaba, Inna na biye da ni da ƙoƙon iri. Ranar farko kafaɗuna kamar an zare su. Rana ta uku na kama hannun abin, ina tafe ina sara ba tare da na duba ƙasa ba. Haka aka yi a gidaje da yawa na tungarmu. Saratu na gefen gona da littafinta.

Gero ya tsiro, ya yi ganye biyu, sai ruwa ya tafi. Kowace safiya mukan fita mu duba gabas, ba komai sai farin sama. Da rana ta take, ƙasa ba ta takuwa da ƙafa babu takalmi. Tsiron ya fara nannaɗewa, ya yi fari, ya kwanta, har ya zama in ka taɓa shi sai ya murƙushe a hannunka. An fita roƙon ruwa sau biyu, tsofaffi da yara, an juya riguna, an yi ta kuka ana addu'a a bayan gari. Rijiyarmu ta ja baya, sai an jira ruwa ya taru kafin guga ta ɗauko rabi, shi ma ja-ja-ja da laka.

Rumbu kuwa ya kai ƙasa. Muka koma cin abinci sau ɗaya, bayan la'asar. Da safe yara su sha ruwan kunu wanda kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Mukan tafi daji mu tsinko ganyen yaɗiya da ɗanyen ganyen ɗinya, mu dafa, mu matse, mu barbaɗa ɗan ƙuli in akwai, in babu gishiri kawai. Dusar da a da akuya ke ci, ita muka riƙa tankaɗewa muna tuƙawa. Saratu na da ɗan abincin gwangwani da garin kwaki da ake aiko mata, amma ta zuba su cikin tukunyar gida ta ci abin da muke ci. Akwai ragowar zangarniya kaɗan da Inna ta ɓoye don ko za a sake shuka. Ranar da babbar ɗiyata ta kasa tashi daga tabarma, Inna ta shiga ɗaki ta ɗauko su, ta zuba a turmi da hannunta. Mun san iri ne muke dakawa.

Ana cikin haka labari ya zo cewa shirin su Saratu ya kawo irin gero mai saurin nuna, wanda ko an makara da shuka zai kai kafin ruwa ya ɗauke, kuma kyauta za a raba. Malam Garba, malamin gona na shirin, ya zo da babur ya zauna a zauren Magaji da takardunsa. Duk magidancin da ke gari ya zo a rubuta sunansa, ya dangwala yatsa, ranar Laraba ya je Gummi ya karɓa. Na yafa mayafi na je, na durƙusa daga bakin zaure na gaishe su.

Malam Garba ya ce, "Ina maigidan naki?"

Na ce, "Shi na kudu, Malam, bai dawo ba tukuna."

Ya ce, "To ki yi haƙuri. Takardar nan gurbin maigida kaɗai gare ta. In ya dawo ya zo."

Na ce, "In ya dawo bayan ruwa ya wuce hwa? Ni na shuka gonar, ni za ni sake shuka ta."

Ba mugun mutum ba ne. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ma umarni aka ba shi, in ya rubuta mace, gobe mijinta ya dawo ya ce shi ba a ba shi ba, wa zai amsa tambaya? Saratu ta sa baki, ta nuna masa littafinta, ya ce ta kai maganarta sama, shi ƙaramin ma'aikaci ne. Mu mata goma sha tara da muka je neman a rubuta mu, haka muka koma gida ranar babu suna.

Bayan la'asar matan suka taru a tsakar gidanmu. Saratu ta ce babban shugaban shirin zai zo Gummi ranar rabon, za ta rubuta masa takarda ta bayyana komai. Amma ta gaya mana gaskiya, ita ɗaliba ce, takardarta na iya kwana a aljihun tebur har kaka.

Inna Tumba ta tofar da tsinken da ke bakinta ta ce, "Takarda ba ta da baki. Mu tahi da kanmu. Kowace ta ɗauki sungumin da tay yi shuka da shi, ya gani da idonai."

Wasu suka tsorata. Me mazanmu za su ce in suka ji mun je cikin taron maza a Gummi? Inna ta ce in sun dawo su zo su tambaye ta, ita ta haifi wasunsu, ita ta yanke wa sauran cibi. Magaji da ya ji, bai hana ba bai kuma ce mu je ba, cewa ya yi shi bai ga komai ba. Na tambayi Saratu ko wannan ba zai ja mata kora ba. Ta cire tabaraunta ta goge da gefen mayafi, ta ce, "Zai iya. Amma in na koma da littafin nan alhali gonakin da na rubuta sun zama fili, me na rubuta ke nan?"

Muna idar da sallar asuba ranar Laraba muka kama hanya. Mu goma sha shida ne, uku sun fasa. Cikinmu babu wadda ta karya da abin kirki. Ga goyo a baya, ga sungumi a kafaɗa, ga yashi mai zafi tun kafin hantsi. Inna na gaba da sandarta. Sau biyu muka zauna gindin marke don wata ta ji jiri. Da muka shiga Gummi mutane suka riƙa fitowa daga shaguna suna kallonmu, wani ya ɗaga murya ya ce ko yaƙi za mu.

A harabar ma'ajin shirin maza sun yi dogon layi, ga buhuna jibge a inuwa. Shugaban wani dogon Bature ne mai furfura, wuyansa ya yi jawur saboda rana, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya ga mata da sungumi sun tsaya a ƙofa, ya tambayi ko lafiya. Saratu ta matsa gabansa. Ta yi ta yi masa Turanci tana buɗe shafi tana nuna mu ɗaya bayan ɗaya. Na ji sunana, na ji na Inna. Wani babban ma'aikaci ɗan ƙasarmu da ke gefensa ya katse ta, fuskarsa a ɗaure. Daga baya ta gaya mini abin da ya ce, wai matan nan taya mazansu kawai suke yi, in an ba su iri dakawa za su yi su sha kunu.

Baturen ya juyo ya yi magana yana kallona. Saratu ta juyo ta ce, "Kulu, wai yana tambaya, in an ba ki irin nan, yaya za ki shuka shi?"

Na rasa ta inda zan fara bayani. Sai kawai na gyara ɗaurin goyona, na sauke sungumi daga kafaɗa, na kama sara a nan cikin harabar. Taki ɗaya, sara ɗaya, taki ɗaya, sara ɗaya, layi miƙe har bakin katanga. Ban waiwaya ba sai na ji motsi a bayana. Inna ce ta ɗebi tsakuwa a gefen zanenta tana jefawa tana takewa da diddige. Sauran matan suka jeru a gefena, kowace ta ja nata layin. Ƙura ta tashi, ba ka jin komai sai saukar ƙarfe a ƙasa. Dariyar da ake yi a layin maza ta mutu. Wani tsoho mai farin gemu daga cikinsu ya ce da ƙarfi, "Wallahi wagga ta hi ɗana iya sara. Ku ba su iri, ku bar wahal da bayin Allah!"

Baturen ya bi layina da ƙafa, yana auna tsakanin rami da rami da takunsa. Ya dawo ya karɓi littafin Saratu ya daɗe yana dubawa. Sannan ya kira Malam Garba. Buhunan ba za su isa a ba mu cikakken awo kamar maza ba, rabi aka ce za a ba kowace, har da ukun da ba su zo ba. Muka ce mun gode Allah. Malam Garba ya juya bayan takardarsa ya ja layi da biro, ya ɗago ya ce mini, "Sunan mijinki?"

Saratu ta ce, "Sunanta za ka rubuta, Malam."

Ya rubuta. Na dangwala yatsa. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin an sa sunana a takarda ba sai ranar, ko da yake a lokacin ban iya karanta shi ba.

Kwana huɗu bayan nan hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin tun azahar, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da yake irinmu kaɗan ne, muka yi shawara kada a yi asarar ko ƙwaya. Muka haɗa kai muka yi gayya, yau gonar wannan, gobe ta waccan, tsofaffi su ke jefa iri don hannunsu ya fi sanin ƙima. Inda ya fito da yawa muka cire muka dasa a gurbin da bai fito ba.

Noman firi, wato noman farko bayan shuka, shi ya fi komai wuya, don a lokacin yunwa ta kai inda ta kai. Ciyawa na tashi kamar ana jan ta, mu kuma in muka duƙa muka ɗago sai mu ga duhu-duhu. Tafasa ta fito, ita ta riƙe mu, safe tafasa, yamma tafasa, har warinta ya kama jikinmu. Matan Fulanin da ke zaune bayan tungarmu kan kawo mana nono tsala su ce mu ba yara, in an yi girbi ma ba su kara. Mukan ɗaure ciki da ɗankwali mu shiga kunya, wata ta ɗauko waƙa, sauran su amsa ko da murya ba ta fita sosai. Saratu ma ta ajiye littafi ta karɓi kalme ta shiga noma. Kafin azahar tafin hannunta ya yi ƙwal-ƙwal da ruwa, Inna ta shafa mata man kaɗe tana yi mata tsiya, wai yanzu sai ta rubuta cewa 'yan boko ma suna noma.

Malka ta sauka, kwana da kwanaki rana ba ta fito ba, itace ya jiƙe, katangar bayan gidanmu ta zube. A cikin wannan ruwan Altine ya dawo, ya rame, yana tari, da 'yar jakarsa da ba ta da nauyi. Ya ɗauka zai tarar da gona ta zama saura. Da ruwa ya tsagaita ya fita shi kaɗai ya dubo, ya tarar da gero ya kai masa ƙirji, kore shar, har ya fara ɗaukar ciki. Ya dawo ya zauna bakin ƙofa. Inna ce ta ba shi labarin Gummi tun daga farko, tana yi tana kallon idonsa. Ina daga madafa ina jiran faɗa. Da ta gama, sai ya ce, "Ina sungumin?" Na nuna masa. Ya ɗauka ya duba bakinsa ya ce ya dakushe, gobe zai kai maƙera.

Geronmu ya yi bununi tun na sauran garuruwa da suka sake shuka tsohon iri bai fitar da kai ba. Ranar da muka fara karyo tumu ba zan manta da ita ba. Muka gasa a tsakar gida, muka murje a tafin hannu muna hurawa, ƙwayar na da zafi da zaƙi da ɗan ƙauri. Babbar ɗiyata ta cika baki har tana ƙwarewa. Saratu na ci tana hawaye, ta ce hayaƙi ne. Da aka yi girbi, gonakin mu goma sha tara babu wadda ta kunyata, wasu ma sun fi na mazan da aka ba cikakken awo, don mu ba mu bari ciyawa ta kwana biyu a gona ɗaya ba.

Saratu ta koma makaranta bayan kaka. Abin da ta rubuta a kanmu ya yi tafiyar da mu ba mu yi ba. Damina ta gaba, takardar da Malam Garba ya zo da ita an sake ta, inda a da aka sa maigida yanzu an sa mai noma gonar, kuma shi da kansa ya riƙa aikawa cikin gidaje a kira mata. Saratu kuwa ta yi ta karatu har ta zama Dakta, yau ita ke jagorantar masu bincike a ƙasashe da yawa kan yadda za a riƙa jin ta bakin mata kafin a fitar da sabon iri ko a raba shi. Ta taɓa sa an kai ni wani babban taro a wata ƙasa, na shiga jirgin sama ina salati, na zauna kan kujera ɗaya da masu digiri, ana juya maganata zuwa harsuna uku. Sun tambaye ni abin da mata ke dubawa a jikin gero, na gaya musu: ya nuna da wuri, ya yi sauƙin sussuka, furarsa ta kwana ba ta yi tsami ba. Na ga suna rubutawa da sauri. Karatun da na yi a ajin yaƙi da jahilci, har nake rubuta wannan da hannuna, ita ta matsa mini na shiga.

Amma in na zauna ina tuna shekarar, ba jirgi ne ke fara zo mini ba. Da muka kwaso dammuna gida, na ɗauka rumbun gandu za a zuba su kamar kullum. Sai na ga Altine ya kwaɓa ƙasa a gefen ɗakina, ya yi kwana shida yana gini, ya yi masa jinka sabuwa. Ya ce wanda ya sara shi ke da rumbu. Na zaɓi zangarniyoyin da suka fi tsawo da cika na ɗaure daban, na rataye a ciki.

Da bazara ta zagayo, hadari ya fara haɗuwa, ina zaune ina tsince wake sai ga Altine ya zo ya tsaya a kaina da ƙwarya a hannu, yana ta gyaran murya. Inna na gefe tana kaɗi, ta yi kamar ba ta gani ba.

Ya ce, "Kulu, ko za ki auna mani irin nan naki? Ina son in sa shi gandu bana."

Na tashi na karkaɗe zanena, na hau rumbuna, na auna masa. Na cika ƙwaryar har tana zuba.